Babban Yatsan Beyar

A wurin wasan yaran da nake aiki, ni ce mai ɗinkin kayan dabbobi. Ba dabbobin gaske ba, mutane ne neman abinci ya cusa cikin rigar zomo da ta biri da ta beyar, suna yawo tsakanin lilo da lilo suna ɗaga wa yara hannu. Ɗakina yana bayan rumfar tikiti: keken ɗinki, fanka mai kuka, sai kawunan dabbobi jere a kan kanta suna shan iska saboda warin gumi. Duk wanda wutsiyarsa ta cire, wurina yake zuwa.

Mai rigar beyar, wanda kowa ke kira Beyar har sunansa ya ɓace, dogo ne marar surutu. Aikin ya dace da shi, don manaja ya kafa doka: dabba ba ta magana, kuma ba a cire kai a gaban yaro ko da mutum zai suma.

Ran nan da yamma ya shigo, ya ajiye dagin rigarsa na dama a kan kekena.

"Yaya, taimako za ki yi min. Ki sa min babban yatsa a nan."

Na juya dagin. Soso ne aka lulluɓe da yadi mai gashi, aka liƙa masa faratan roba a jere. Hannu gaba ɗaya yake shiga kamar a aljihu. Da shi ko kofi ba ka ɗauka. In yaro ya miƙa masa alawa, sai ya haɗa hannu biyu ya tara.

"Beyar da babban yatsa? A ina ka taɓa gani?" na ce. "In riƙe abu kake so, ka karɓi rigar biri, shi Allah ya ba wa. Beyar yatsunsa duk gaba suka kalla, sai dai ya kai mari ko ya rungumo."

"Rigar biri ba ta shiga ta, Yaya."

Gaskiya ne, a gwiwa za ta tsaya masa. Na ce to me zai riƙe haka da ya dame shi? Ya zauna a kan buhun ƙyallaye, sannan ya gaya min abin da bai taɓa gaya wa kowa a wurin ba.

Yana da 'ya. Tana 'yar ƙarama ya tafi neman kuɗi, ya daɗe fiye da yadda ya ce, ya dawo hannu rabbana. Kafin nan aure ya mutu, uwar ta yi wani, yarinya ta saba kiran wani Baba. Uwar ta roƙe shi kada ya rikita yarinyar tukuna, shi kuma ya yarda, don ba shi da inda zai ajiye ta. Yanzu ya ji makarantarsu za ta kawo su yawon buɗe ido ranar Asabar.

"Ba zan yi magana ba, ba zan cire kai ba," ya ce. "Hannunta kawai. Da, in za mu tsallaka titi sai ta tsorata. In na riƙe hannunta na dinga shafa bayansa da babban yatsana, sai ta bi ni ko ina ne."

Ni ba mai saurin tausayi ba ce, duk wurin sun sani. Amma sai da na sunkuya kamar ina neman almakashi.

Na farke ɗinkin gefen dagin, na rage soso, na ɗinka masa ɗan gidan yatsa da yadi mai laushi, kala ɗaya da gashin. In ya lanƙwasa yatsan ciki, ko manaja ya sa tabarau biyu ba zai gani ba. Ya gwada a kan kwarkwaron zare, ya ɗauka, ya ajiye, ya sake ɗauka yana murmushi.

Ranar Asabar na bar kekena na tsaya a bakin ƙofa. Yara suka sauko daga motar makaranta kamar an kwance awaki, malamarsu na bin su da tsawa. Ba sai an nuna min ita ba. Doguwa ce a cikin sa'anninta, kuma tafiyarsa ce sak, kafaɗa ɗaya a ƙasa.

Mai hoto ya sa su layi, kowa ya zo ya gaisa da beyar a ɗauka. Ina ganin ƙirjin rigar yana hawa yana sauka. Da layi ya zo kanta, ta miƙa hannu tana dariya. Ya karɓa, yatsan ya fito a hankali ya kwanta a bayan hannunta, ya fara shafawa.

Ta ƙura wa hannun ido. Zuciyata ta ce shi ke nan, ta gane. Sai ta fizge.

"Malama! Wannan beyar ɗin na ƙarya ne! Yana da babban yatsa! Ba kin ce mutum da biri ne ke da irinsa ba?"

Yara suka kwashe da dariya, malama ta tafa mata, ta ce da kyau, ashe tana sauraro a aji. Yarinyar ta koma cikin ƙawayenta tana hura hanci. Shi kuwa Beyar ya yi abin da ake biyansa ya yi: ya rufe fuska da dagi biyu kamar mai jin kunya, ya girgiza ƙugu, yara suka ƙara shewa. Wallahi na so in je in tsige kan nan in jefar, in ce mata ke, dubi ubanki.

Da lokacin tafiyarsu ya yi, ya zo ya tsaya kusa da ni, kan yana jikinsa, don har yanzu akwai yara. Motarsu tana can tsallaken hanyar da motoci ke shigowa, malama ta ce manya su kama hannun ƙanana. Aka haɗa 'yar tasa da wata 'yar mitsitsiya da ta turje a bakin hanya, ta ƙi ɗaga ƙafa, tana shirin kuka.

Yarinyar ba ta ce mata komai ba, ko kallonta ba ta yi ba, idonta na kan motoci. Ta dai riƙe hannun, babban yatsanta yana kai da komo a bayansa. Ƙaramar ta haɗiye kukan, ta bi ta.

Daga cikin ragar bakin beyar na ji murya ƙasa-ƙasa. Tun da ya fara aikin, ranar ce kaɗai ya karya dokar manaja.

"Yaya, kin gani? Nawa ne wannan, a wurina ta samo."