Babu Namiji a Layin

"Sake kiransa!" in ji mai ɗinki.

"Wayar fasto a kashe take, Yaya. Suna tsakiyar sujada."

Surukar Dattijo ce ta amsa, wayar na hannunta. Mijinta ma yana can coci tare da duk mazan layin. Ita aka bari da jinyar tsohon, da ta ji numfashinsa ya canja sai ta ruga ta buga wa mai ɗinki ƙofa, maƙwabciyarsu wadda ciwon gwiwa ya hana fita ran nan.

Dattijo na kwance, bakinsa ya karkace, idanunsa na bin ƙofa.

"A yi mini addu'a," ya ce da ƙyar. "Ina jin tsoro."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da mutumin nan ya miƙe a gaban ikilisiya, mai ɗinki na tsakiyar jagorantar addu'a, ya ce ta zauna, mace ba ta shiga gaban namiji wurin Allah. Ta zauna. Ta yi kukanta a gida, daga baya ta yarda gaskiya ya faɗa. Tun ranar ba ta ƙara ɗaga murya da addu'a inda namiji yake ba, ko a gaban ɗanta.

"Bari in nemo wani, Baba."

Ta fita da ɗingishi, ba ko takalmi. Ta bubbuga ƙofar makanike, shiru. Shagon mai aski da kwaɗo. Ta tsaya tsakiyar titi tana ihu, "Jama'a, babu namiji ne a layin nan?" Kare ne kawai ya ɗago kai.

Da ta dawo, ƙirjinsa na kakari. Ya damƙi bakin zanenta.

"Ke ki yi."

"Baba, kai fa ka ce..."

"Na san abin da na ce. 'Yata, don Allah."

Ta durƙusa, gwiwar ta ba da ƙara. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Kalmomin da a da suke zubo mata kamar ruwan famfo, yau ko ɗaya.

"Yaya, yi sauri!" in ji surukar.

"Ya Uba," ta ce. "Ya Uba, ga ɗanka. Tsoro yake ji. Ka ɗauke shi kamar yadda uwa take ɗaukar jaririnta in ya firgita."

Ta yi tsit, ta dube shi, tana jiran ya gyara mata. Leɓunansa suka motsa. Ta kai kunne kusa.

"Ci gaba," ya ce.

Ta ci gaba, tana yi tana share hawaye da bayan hannu. Ba ta san lokacin da yatsunsa suka saki zanen ba, sai da surukar ta dafa kafaɗarta.

Mai ɗinki ta rufe masa ido. Surukar ta miƙe ta kashe fanka, labulen taga ya daina motsi.