Gaisuwar Bishiyar Tuffa

Tun da safe Hester Vowles take roƙon mijinta a bar harba bindiga a bikin gaida bishiyar tuffa na bana.

"Haba Enoch, a buga tukwane, a zuba wa bishiyar giyarta, ai ya isa. Yaron nan kwanan nan ya fara buɗe baki."

Reuben ne kaɗai ɗansu. Ya dawo daga yaƙin Faransa da hannuwa da ƙafafu cif, amma maganarsa ta rage a can. Sai a sanyin nan ya soma cewa "Inna, ruwa", "Inna, sanyi". Hester kuwa tana lallaɓa kalmomin nan kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Bara saboda shi muka fasa, me muka tsinka?" in ji Enoch. "To na ji. Sai kin shigar da shi ɗaki za a harba. Zan gaya musu."

Bai gaya musu ba. Enoch mutum ne da gara ya haɗiye garwashi da ya ce wa maƙwabta ɗansa na tsoron ƙara.

Wassail ake kiran bikin, ana yinsa ne don bishiyoyi su yi 'ya'ya. Kakar Hester ta ce tsohuwar gaisuwa ce, wai "lafiya gare ka", kafin mashaya su laƙaba wa duk wani ihunsu sunan. Da yamma aka taru a lambu, aka kewaye babbar bishiyar. Reuben da kansa ya miƙo hannu.

"Inna, burodi."

Aikinsa ne tun yana ƙarami. Ya tsoma burodin a giyar tuffa, ya hau tsani ya saƙala a reshe, har da ɗan murmushi. Daɗi ya kama Hester, ta ce a ranta bari ya sauko tukuna.

Waƙa na ƙarewa, tsoho Gadd maƙwabcinsu ya saki wuta cikin rassa, kamar yadda ubansa ya saba. Sauran suka bi.

A ƙarƙashin amalanke Hester ta sami Reuben, ya cusa fuska cikin taɓo. Jama'a na ta yi wa bishiya kirarin lafiya.

"Reuben, ni ce. Kana jin sanyi?"

Ya dube ta. Ta jira. Haka ta yi ta jira har lokacin sanyi ya wuce, maganarsa ba ta dawo ba.

A shekarar, bishiyoyin suka yi 'ya'ya har rassa na karyewa. Enoch ya shigo da kwandon farko, ya dire a gabanta.

"To, ba ga shi ba," in ji shi.