Ƙofar Gawa ta Gidan Tandy

A ƙauyen Langwick, can cikin karkarar Ingila, gidaje bakwai hukuma ta sa a rajistar gine-ginen tarihi, kuma na Hester Tandy ya fi sauran tsufa da taurin kai. Ya haura shekara ɗari huɗu. Gidanka ne, kai kake sharewa, kai yoyon rufinsa yake jiƙawa, amma ko ƙusa ba ka isa ka buga ba sai ka rubuta takarda, ka jira mutanen birni su gama shan shayinsu.

Mijinta Wilfred ya shekara biyu a ɗakin sama. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa a shanye, ya kafe shi sai gadonsa. Ƙarti huɗu suka haura da shi ta matakalar gidan, wadda mai lafiya ma sai ya karkace yake hawanta, suka kusa karya masa ƙugu, suka rantse ba su ba sakewa. Tagar ɗakin kuwa maƙabartar coci take kallo. Itatuwan tuffa da ya dasa da hannunsa suna bayan gida, bai ƙara ganinsu ba. Bana likita ya ja Hester gefe ya ce mata da wuya ya ga wata kakar.

Sai ta nemi izinin faɗaɗa matakala don a sauko da shi. Aka turo wata budurwa, Miss Ellacott, da abin awo da fara'a.

"Mama, wannan matakalar ai ita ce gidan," in ji ta, tana shafa katakon kamar jariri. "Ba za a taɓa ta ba. Amma ai kuna da hanya." Ta ɗaga yatsa ta nuna rufin ɗakin girki, inda katakai huɗu suka fita daban da sauran.

Hester ta ajiye butar shayi. "Yarinya, kin san ko mece ce waccan?"

"Tana cikin takardunmu. Ta nan ake sauko da manyan kaya."

"Ƙofar gawa ce. Kayan da ta saukar ba ya komawa."

Akwatin gawa ba ya juyuwa a irin wannan matakala, don haka magabata suka bar katakai huɗu a daɓen ɗakin sama, a ɗage su a zuro mamaci da igiya. Kafinta kan sassaƙa sunansa a cikin katakon kafin a mayar. Kuma kowa a Langwick ya san ba a buɗe ta don mai rai, domin in ta buɗe ba ta rufuwa sai ta karɓi wani. Sau biyu Hester ta ga an buɗe ta, ranar rasuwar surukinta da ta surukarta.

Sanda ta bugi rufin daga sama. Wilfred ne, kunne kamar na zomo.

"Tsohuwa! Ki bar tsorata 'yar mutane. A buɗe!"

Ta hau ta same shi. "Maigida, kai ma ka san abin da ake faɗa."

"Na sani. To me za ta ɗauka? Rabina ya riga ya tafi, sauran rabin take yi wa kwaɗayi?" Ya yi dariya da gefen bakin da yake motsi, sannan dariyar ta ɗauke. "Hester, shekara biyu ina kallon ramin da za a sa ni. Ki bar ni in ga itatuwana."

Tsoro ya kama ta, amma tausayinsa ya fi tsoron nauyi. Ta aika a kira Clem Bagnall, tsohon kafintan ƙauyen.

Ranar Talata da hantsi Clem ya zo da surukansa biyu da igiyoyi. A bakin ƙofa ya zazzage mata aljihunsa.

"Duba da kyau, Hester. Ko wuƙar fensir ban zo da ita ba. Yau ba sunan wanda za a rubuta."

Suka ɗage katakan suka jingine su a bango. Hester tana ƙasa, wuta na ci a murhu, rana na shigowa ta taga, amma wani sanyi ya zubo mata ta ramin har ƙashi, da warin ƙasar da aka tona yanzu-yanzu. Karensu ya miƙe ya fita waje bai waiwayo ba. Surukan Clem, waɗanda suka shigo suna ba'a, suka bar ba'ar.

Ƙafafun Wilfred suka fara bayyana, ɗaure a kujera, suna lilo. Ta kama su da hannu biyu, sanyi ƙalau. Sai ta ji muryarsa.

"A hankali, 'yan banza! Ni ne Tandy na farko da ya bi ta nan yana zagi."

Ya sauka da ransa. Aka ɗauke shi har gindin babbar tuffa, Hester ta tsinko ɗaya ta sa masa a hannu mai lafiyar. Bai ci ba. Ya riƙe ta a ƙirji yana kuka, ba kunya.

Clem ya koma sama ya mayar da katakan. Ya daɗe. Da ya sauko bai yarda sun haɗa ido ba.

"Sun ƙi shiga," ya ce. "Katako ne, ya kumbura. Gobe na dawo." Ya tattara surukansa suka fice, ko shayi ba su tsaya sha ba.

Hester ta hau ita kaɗai. Ramin yana nan a buɗe, tana hango teburin girkinta ta ciki. Ta juya katako na farko. Sunaye ne birjik, sun yi baƙi don tsufa. Na biyu ma haka. A na uku, na ƙarshen layi shi ne Enoch, mahaifin Wilfred, ƙasansa kuma fili, ba sunan Wilfred. Ta sauke numfashi ta gode wa Allah da ƙarfi.

Na huɗu shi ne na matan gida. Ƙasan sunan surukarta akwai sabon rubutu, da irin hannun sauran, sai dai cikinsa fari fat. Ta sa yatsa ta bi haruffan, garin katako ya manne mata a fata. Hester.

Ga mamakinta, ba kanta ta ji wa ba. Wa zai juya shi a kan gado? Wa ya san ba ya iya haɗiye ƙwaya sai da zuma?

Ta goge yatsan a jikin rigarta, ta sauka a hankali, ta ja kujera kusa da shi a inuwa.

"An rufe?" ya tambaya, idonsa na kan itatuwa.

"Da saura." Ta gyara masa bargo. "Maigida, saurara. Maganinka na safe yana cikin gwangwani shuɗi, na yamma a fari. Lambar likita tana bayan kalanda. Maimaita in ji."

Ya yi dariya. "Yau kuma? Me zan yi da sanin wannan, ba ga ki ba?"

Ta kama hannunsa da ya shanye ta riƙe gam.

"Maimaita dai," ta ce.