Sabon Ringi

"Riƙe man nan, Shitu. A'a, ba nan ba, nan! Kai dai in ba allura ba, ba ka san komi ba."

Shitu tela ya riƙe inda aka nuna masa, yana kakkauce wa baƙin mai don kada ya ɓata masa riga. Makau, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, tun hantsi ya kwance injin babur ɗinsa a ƙofar gida, ya zube ƙusoshin a farantin tuwon matarsa. Babur ɗin irin 'yan Chainan nan ne da suka cika Bukkuyum a shekarun, kuma tun faɗuwar damina yake tuƙa hayaƙi kamar ana kyafa kifi. Makau ya je Gummi ya sayo sabon ringi, zoben nan na cikin inji, ya rantse da hannunsa zai sa.

"Wanga aiki na bakanike na," in ji Shitu. "Canjin fulogi daban, buɗe ciki daban. Ga Lirwanu can bakin tasha, ka tura mai shi."

"Lirwanu? In kai mai yau, in amsa bayan Sallah? Gobe Iyatu ka arba'in. Na ce mata bisa mashin ɗina za ni ɗauko ta, ita da jinjiri, ba bisa na aro ba."

Iyatu, matar Makau, tana ƙauyensu a hayin gulbi, ta je wankan jegon haihuwar fari. Shitu ya san abokinsa: in ya kafe, ko liman ba ya tanƙwara shi. Hannunsa ba laifi, yana ɗan taɓa rediyo da tocila. Amma iliminsa na inji duk na tsayawa a kan masu gyara ne, ya ga abin da ake yi, bai taɓa tambayar dalili ba.

Abin mamaki, kafin azahar sai ga inji ya haɗu. Makau ya taka, ya sake takawa, babur ya yi tari ya kama.

"To, tela! Ina bakin naka?"

"Allah ya ba ka haƙuri, injiniya."

Saura abu guda. Makau ya sha ganin in an sa sabon ringi, ana barin inji yana kaɗawa a tsaye har ya zauna. Ana cikin haka hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Shitu ya taya shi tura babur cikin shagon Makau na jikin zaure, ɗan ɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannu ba, sannan ya ruga gida yayyafi na dukansa.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Shitu yana taka kekensa na ɗinki, yana jiyo gurnanin injin ta katanga, lafiya lau, babu tangarɗa. Har daɗi ya ji a ransa. Can dai gurnanin ya yi rauni, ya ɗauke. Ya ce mai ne ya ƙare, ya ci gaba da kalmasa wuyan riga.

Da aka tsaya sallar la'asar bai ga Makau a sahu ba, mutumin da ko da ɗingishi sai ya zo. Ana sallamewa ya nufi shagon. Ya buga, ya kira, shiru. Ya sa kafaɗa, ƙofar ta ƙi, sai da Modibbo, wani mai nono da ke wucewa, ya taya shi. Ashe Makau ya cusa buhu a ƙarƙashinta don kada ruwa ya shigo. Warin hayaƙi ya buge su har suka ja da baya.

Makau na zaune jingine da bango, sufana a cinyarsa, kai ka ce gyangyaɗi yake yi. Suka fito da shi, aka yayyafa ruwa, aka yi fifita, aka kira mai kemis. Mai kemis ɗin ya taɓa wuyan Makau ya daɗe, sannan ya girgiza kai. Wuri ya kaure da salati.

Lirwanu ya iso a guje, ya leƙa shagon, ya fito yana toshe hanci. "Hayaƙin na. Ba a barin inji shi kaɗa cikin ɗaki." Ya miƙa wa Shitu makullin nasa babur ɗin. "Tahi ka gaya ma surukainai, tun gulbi bai kawo ba."

Shitu ya tafi cikin taɓo, hawaye na hana shi ganin hanya. Bai taɓa jin tsoron isa wani wuri kamar ranar ba. A ƙofar gidan ya kashe babur ya yi sallama. Mahaifin Iyatu bai dawo daga gona ba, sai innarta ta leƙo ta zaure. Kafin ya buɗe baki, muryar Iyatu ta taso daga tsakar gida, cike da dariya, don ta jiyo ƙarar babur.

"Inna, shi na? Ya kasa haƙuri har gobe? Ce mai ƙahwahuna na ɗaure, lallen bai ko kama ba!"

Tsohuwar ta dubi fuskar Shitu, ta dafa bango. Daga ciki jinjirin ya fara 'yar rigima, ana jijjiga shi.