Ƙwaron Jemar Hajjo

Firdausi ta sauka tashar Gaya da jakar kaya guda da wata 'yar kwalba da take lallaɓawa kamar ƙwai. A cikin kwalbar akwai wani ɗan ƙwaro mai tsalle a ganye, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Bara ta kama shi a fadamar mahaifinta, Malam Yusha'u, can wajen Bana. Shekara guda tana dubansa a jami'ar Yamai, ita da malamanta, har suka tabbata ba a taɓa rubuta irinsa ba, ba shi cikin ko wane gida na danginsa. Dole a buɗe masa sabon gida, a raɗa suna. Ita kuwa sunan ubanta take so, kuma ta yi wa kanta alkawari ba za ta aika takardar sanar da sunan ba sai ya yarda.

Ta zaci tsoho zai yi murna. Ina! Ya ce shekara arba'in yana yaƙi da ƙwari, yanzu kuma a ɗauki sunansa a liƙa wa ɗaya? Abokan wasansa na kasuwar Gaya ba za su bar shi ya sha ruwa ba.

Ran Firdausi ya sosu, amma ba ta ja da shi ba. Da hantsi ta kafa madubin ƙara girma a kan turmi, ta roƙe shi ya leƙa. Ya leƙa yana gunaguni, sai kuma ya ƙura ido. Ta nuna masa kan nan mai tsini kamar bakin hauya, da layukan ƙaya a ƙafafun baya, da jijiyoyin fiffike da suka rabu uku inda na sauran suka rabu biyu, wanda shi ya ware shi daban. Tsoho ya yi tasbihi, ya ce ashe har wannan an zauna an yi masa ado.

Ya tambaye ta, mai dogon bakin nan nawa yake sha masa na shinkafa. Ta ce ko kusa, ba ya taɓa ta. A ciyawar jema ta bakin fadama kawai ta same shi, kuma ta zaga har Karakara ba ta ga wani ba, don kowa ya ƙone tasa jemar.

Malam Yusha'u ya daɗe yana murza gemu.

"To ai ba ni ad da shi ba, ɗiyata," ya ce. "Uwarki Hajjo ta hana ni sa ma jemag ga wuta, da ita taka ɗunkin faifai. Shekara tara da rasuwatta, har yau hannuna ya ƙi. Sa mishi sunanta."

Firdausi ta ji daɗi har hawaye ya zo mata. Ta jawo takardar ta goge, ta rubuta Hajjo. Tsoho ya ce ta matsa, bai gama kallo ba.