Tuffa a Rabin Duro

Zaharadden ya ɗora busasshen icen tuffa a kan teburin mai sayar da dashe, saiwoyinsa suna zubar da ƙasa.

"Ga abin da ka sayar mini bara," ya ce.

Abdulelah, mai dashen, bai ji haushi ba. Haifaffen Jidda ne, Hausarsa ta gado ce, duk inda ta gaza sai ya cike da Larabci. Ya juya icen, ya kankare ɓawon da farce har ya kai wani wuri da ya yi baƙi, ɗan sama da saiwa.

"Ya akhi, wa ya binne ƙullin?"

"Wane ƙulli?"

"Wannan. Tuffar nan mai aure ce, gindi daban, kai daban. Nan aka haɗa su. Lazim ya zauna a waje, ya sha iska. In ka rufe shi da ƙasa, ga ruwa, ga zafin Jidda, halas, ruɓewa zai yi."

Zaharadden ya san hannun da ya yi aikin. Mahaifiyarsa, Inna Zubaidatu, ta yi rayuwarta tana noma a Maiurno, bakin kogi, kuma a wajenta shukar da ba a tara wa ƙasa a gindi ba marainiya ce. Haka take yi wa dawa, haka take yi wa kuɓewa. Da yaƙi ya koro ta daga Sudan, ta iske ɗanta a gidan haya a unguwar Madain Fahd ta Jidda, tsakar gidan duk siminti, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Wata rana tana yanka tuffa ta ce ita dai a kwali ta san abin nan, ba ta taɓa ganinsa a jikin uwarsa ba. Washegari ya sayo mata dashe, ya yanka duro gida biyu, ya dasa tuffar a rabi ɗaya. Kullum da safe sai ta ƙara mata ƙasa, tana dannawa, tana yi mata hira.

Ranar da ganyen ƙarshe ya faɗi, Inna ta dubi tafukanta ta ce, "Hannuna ya mutu." Tun daga nan ba ta sake fita tsakar gida ba. Abinci yadda ya shiga ɗakinta haka yake fitowa. Abin yana cin Zaharadden, har yakan tsinci kansa yana hawaye a motar rarraba kaya da yake tuƙawa tsakanin unguwar Khumra da cikin gari.

"Ba ni wata," ya ce wa mai dashen.

Abdulelah ya ja shi can ƙarshen rumfa, inda ya ajiye waɗanda aka sauko da su daga Ɗa'if. Ya jawo biyu. A ido sandunan banza ne, ba ka bambanta su.

"Kansu iri ɗaya ne, mai haƙuri da zafi. Amma ka sani, Jidda ba garin tuffa ba ne, ni ban yi maka alkawari ba. Bambancin a gindi yake. Wannan gindin mai ƙarfi ne, sai ƙasa ta gaske. Bishiya za ta yi, jikokinka su hau. Bas, sai dai ka yi haƙurin shekaru kafin ka ga ko fure."

"Ɗayar fa?"

"Ɗayar gindinta yana hana ta girma. Ba za ta wuce tsayinka ba, duro ya ishe ta. Saiwarta rarrauna ce, sai da sanda a gefenta, kuma ba ta da tsawon rai. Amma tana saurin haihuwa. In Allah ya so, baɗi ko baɗin baɗaɗa."

A gidan hayarsu akwai wani ɗan lungu bayan tankin ruwa da simintin ya fashe, kuma mai gidan ya taɓa cewa bai damu ba in an shuka wani abu a wurin. Zaharadden ya tuna da lungun. Babbar ita ce irin bishiyar da Inna za ta girmama, don ba ta da haƙuri da abin da ba ya iya tsayawa da ƙafarsa. Ya kai hannu ya taɓa ta. Sai ya tuna yadda zoben Inna yake yawo a yatsarta yanzu saboda rama.

"Sa mini ƙaramar a mota."

Bayan la'asar ya iso gida. Ya wuce tsakar gida kai tsaye. Ya juye tsohuwar ƙasar duron, ya zuba sabuwa, yana yi yana buga shebur a jikin ƙarfe fiye da yadda aikin yake bukata. Ya san Inna tana ji. Can sai labule ya motsa. Inna ta fito tana dafa bango, ta tsaya a kansa.

"Wa ya koya maka riƙon shebur haka? Matsa."

Ya matsa da sauri, zuciyarsa kamar ta fito don murna. Ya kawo mata kujera 'yar tsugunno. Ta zaunar da dashen, ta cika ramin, ta danna. Sannan hannayenta biyu suka fara jawo ƙasa daga gefe suna tarawa, tudun yana hawa, har ya taɓa ƙullin.

Tun da yake bai taɓa gyara wa Inna aiki ba. Ya ga in ya yi shiru, wannan ma mutuwa za ta yi, kuma a karo na biyu Inna ba za ta sake fitowa ba. Ya durƙusa, ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Inna, ki yi haƙuri. Nan wurin ba a rufe shi."

"In ji wa?"

Ya faɗa mata duk abin da ya ji a rumfa, kansa a sunkuye. Bai ce ita ta kashe waccan ba, amma ba yarinya ba ce.

"Ashe ni na shaƙe ta," ta ce a hankali.

"Ba ki sani ba, Inna. Ni ma ban sani ba. Hannunki lafiya lau yake, bishiyar ce baƙuwa."

Ta daɗe tana kallon dashen. Ta shafa ƙullin da ɗan yatsa.

"Da gangan aka hana ta girma? Babu mai girman ne a can?"

"Akwai."

"To me ya hana ka sayo ta? Ga wuri can bayan tanki."

"Waccan tana daɗewa kafin ta haihu."

Maganar ta riga ta fita kafin ya kama ta. Inna ta ɗago ta dube shi, irin duban da take yi masa yana yaro in ya ɓoye abu a bayansa. Kunya da tsoro suka rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ka auna ni ke nan, ka ga ba zan kai ba."

"Inna, wallahi..."

"Kada ka rantse, Zaharadden. Ni ma na auna."

Ta mayar da hannu kan tudun da ta tara. Da yatsu biyu ta riƙa janye ƙasar, kaɗan kaɗan, har ƙullin ya fito fili. Ta hure ƙurar da ta maƙale masa.

"Tunda sauri muke yi, me kake jira? Kawo ruwa."