Igiyar Malam Yahya Ba Ta San Ƙasa Ba

Ni Barakatu ban taɓa ja da rabon Allah ba. Da Baba ya rasu ya bar mana gonarsa ta bayan Ruwan Godiya, aka ce ƙanena Rabo kashi biyu, ni ɗaya, na ce na ji. Abin da ban yarda da shi ba igiyar Malam Yahya mai awon gado ce.

Da rani ya yi rabon, ƙasa ta bushe, ko'ina iri ɗaya a ido. Ya ja igiyarsa a gicciye, ya yanka mani tudu, ya bar wa Rabo gangare. Ina cikin gida, ba wanda ya tambaye ni. Alhali tun ina yarinya nake kai wa Baba fura gonar nan. Tudun jan rairayi ne da tsakuwa, gyaɗa kaɗai Baba ke sa masa. Gangaren kuwa baƙar ƙasa ce, nan Fulani ke ɗaure shanunsu duk rani.

Damina uku ina shuka masara. Iri ɗaya da na Rabo, taki ɗaya, rana ɗaya. Da ruwa ya sauka sai ya kwashe takina ya gangara da shi gonarsa. Tawa ta yi rawaya, ciyawar ƙuduji ta cika kunyoyin gonar, goyon masarar bai fi yatsana ba. Ga jikoki huɗu da ɗiyata ta rasu ta bar mani, rumbu kuwa ba ya kai mu bazara.

Bana na ɗebo ƙasa ƙwarya biyu, ɗaya ta tudu, ɗaya ta gangare, na nufi ƙofar Mai unguwa Gide.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo."

"Wa ya taɓa ki, Iya Barakatu?"

"Igiya."

Ya aika aka kira Rabo da Malam Yahya. Malam ya zo yana huci. "Taku ɗaya ban ci maki ba, baiwar Allah. A je a sake aunawa!"

"Malam, da taku ake tuƙa tuwo?" Na ɗauki butarsa na zuba wa ƙwaryar nan biyu ruwa. "Dunƙula mani wannan."

Ya dunƙula ta gangare, ta kama kamar curin fura. Ya dunƙula tawa, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya goge hannu.

Rabo ya sunkuyar da kai. "Yaya, ba ina aiko maki da masara duk kaka ba?"

"Takina kake maido mani, mai ƙaton kai! Ni na goye ka har kana jiƙa mani zane, yau ni za ka yi wa sadaka?"

Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga, kafaɗarsa na rawa.

Rabo ya ce, "To shekara uku mi ya hana ki gaya mani?"

"Ba ido gare ka ba? Ta cikin gonata kake ratsawa kullum."

Rabo ya dubi ƙasar da ta zube. Sai ya ce, "Malam, in an cire amfani a ɗauko igiyar. A ja ta a tsaye, daga tudu har gangare. Kowa ya sami rairayin, kowa ya sami baƙar."

"Za ka rasa mai kyau da yawa," in ji Mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, gara in rasa ta da in kwana da bakin Yaya a kaina."

Ranar awon ni na riƙe bakin igiyar, ban ba kowa ba. Da aka kafa turaku Rabo ya tsaya kan sabon tudunsa yana sosa ƙeya.

"Yaya, nan kuma mi zan shuka?"

"Gyaɗa, sakarai, kamar Baba. Ɗaukar mani ƙwaryata mu tahi."

Ya ɗauka, ya biyo bayana.